Kiwon hawainiya: dabbar da ciwo ke cinyewa ba ta yi kuka ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli hawainiya a kan reshe, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta yi gaba ta yi baya kamar ganyen da iska ke kaɗawa kafin ta sauke, ido ɗaya na kallon gaba ɗayan na duba bayanta, toh ba zai yi mamakin yadda mutane ke zaucewa a kan kiwonta ba. Ni ma haka ta shiga raina. Amma abin da ba a cika faɗa wa mutum ranar da zai saya ba shi ne, cikin dabbobin da ake ajiyewa a keji da wuya ka samu wadda ke saurin lalacewa a hannun mai ita irin wannan, kuma abin da ya fi ci min rai yawancin waɗanda take mutuwa a hannunsu mutane ne da suke sonta tsakani da Allah, suna ba ta abinci kullum suna leƙa ta safe da yamma, kawai dai ba su gane abin da jikinta yake nema ba, ita kuma ba ta da bakin faɗa.

Da farko ma dai hawainiya iri-iri ce. Akwai jinsi sama da 200 a duniya, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke, sauran sun bazu a nahiyar Afirka da kudancin Turai da yankin Larabawa har zuwa Indiya da Siri Lanka. Akwai 'yar mitsitsiya Brookesia nana da masana suka bayyana a 2021, namijinta har da jela wajen milimita 22 ne kacal, akwai kuma manya irin su Calumma parsonii da ke wuce rabin mita. A harkar kiwo kuwa uku ne suka fi yawo. Ta farko 'yar Yaman, Chamaeleo calyptratus, asalinta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, ita ce mai dogon ƙashin nan a ka kamar hula, kuma ita ta fi jure kuskuren sabon shiga duk da tana da faɗa. Ta biyu Furcifer pardalis ta arewaci da gabashin Madagaska, wadda mazanta ke da launi kala-kala har ana kiran su da sunan wurin da kakanninsu suka fito, Ambilobe, Ambanja, Nosy Be, Sambava. Ta uku mai ƙaho uku, Trioceros jacksonii, 'yar tsaunukan Kenya da Tanzaniya, wannan sanyi take so, zafin da 'yar Yaman za ta ji daɗinsa ita zai iya galabaitar da ita. Shi ya sa in wani ya ce min "ya ake kiwon hawainiya" tambayar da nake fara mayar masa ita ce wacce iri, don tsarin da zai raya ɗaya shi ne zai kashe ɗayar.

Tambaya ta biyu, a ina aka haife ta. Kusan duk hawainiyar da ake fatauci tsakanin ƙasashe tana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ta kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da aka sa wa hannu a 1973, ma'ana sai da takardar izini ake fitar da ita, har ma a tsakiyar shekarun 1990 an dakatar da fitar da yawancin jinsin Madagaska aka bar guda huɗu kawai. Amma ko da takarda ta cika, wadda aka kamo daga daji tana zuwa ne da tsutsar ciki, da ƙishi, da wahalar kwanaki a cikin jaka da kwali, ba ka san shekarunta ba, kuma da yawa ƙodarsu ta riga ta taɓu tun kafin su iso. A ganina sabon shiga ba shi da dalilin sayen kamun daji, ya nemi wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo, wadda ta kai wata uku ko fiye, ya ga yadda take cin abinci da idonsa kafin ya ɗauka.

Maganar launi kuma ya kamata a gyara ta, don mutane sun ɗauka duk abin da ta hau sai ta rikiɗa ta koma kalarsa, ka ɗora ta a kan jan ƙyalle ta yi ja. Ba haka ba ne sam. A 2015 wasu masana a Jami'ar Janiba ta Suwizalan ƙarƙashin Michel Milinkovitch sun nuna cewa a cikin fatarta akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli jere reras, in tana cikin natsuwa suna matse da juna sai su maido da shuɗin haske, ya haɗu da rawayan da ke fatar ya ba da kore, in ta harzuƙa sai tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe launin ya karkata zuwa rawaya, ruwan lemo ko ja. Toh amfanin wannan ga mai kiwo shi ne launin nan shi ne maganarta. Da safe ta yi duhu ta baje jiki a ƙarƙashin fitila, zafi take tsotsa, wannan lafiya lau. In tana barci da dare za ka ga ta yi fari-fari. Amma ta wuni baƙi ƙirin tana ɓuya a bayan reshe, toh akwai abin da ke damunta. Kuma launin nan mai ɗaukar ido da mutane ke so su ɗauka a hoto lokacin da suka riƙe ta a hannu, sau da yawa launin tashin hankali ne, tana cewa ne ka rabu da ni.

Don gaskiyar magana hawainiya ba ta son a taɓa ta, kuma ba ta son 'yar uwarta. Ba ta kewa, ba ta bukatar abokiyar zama. In ka haɗa biyu a keji ɗaya ba lallai ka ga faɗa ba, ɗayar ce dai za ta mamaye wurin shan zafi da wurin abinci, ɗayar ta riƙa ramewa a hankali har ta tafi. Ko hango juna daga keji zuwa keji yana hana su sakewa, sai an sa shamaki a tsakani. Kejin ma a ɗora shi sama yadda reshen da take zama zai wuce tsayin idonka, don dabbar bishiya ce, duk abin da ya leƙo ta daga sama a wurinta tsuntsu ne mai farauta.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke faɗuwa, wato haske. Ƙashin hawainiya yana bukatar kalsiyam, amma ko ka cika mata ciki da kalsiyam hanjinta ba zai iya ɗauka ba sai da bitamin D3, shi kuma D3 fatarta ce ke haɗa shi idan hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ya sauka a kanta kuma jikin ya ɗumama. Abu uku ne ɗaure da juna, kalsiyam da UVB da zafi, in ɗaya ya faɗi sauran ba su da amfani. A daji rana ce ke yin wannan aikin kyauta. A ɗaki kuwa gilashin taga yana tare UVB kusan gaba ɗaya, don haka wanda ya ajiye keji a bakin taga yana ganin rana na shiga ya ɗauka ya gama, haske da zafi kawai take samu. Ƙwan fitila na gida ma ba ya ba da shi. Sai an sayi doguwar fitilar UVB ta musamman irin ta T5, a shimfiɗa ta a saman ragar kejin, a kunna awa 12 a kashe awa 12, kuma ga wani tarkon, fitilar tana ci gaba da haske ras a idonka bayan ƙarfin UVB ɗinta ya ragu, shi ya sa ake canza ta duk wata 6 zuwa shekara ko da ba ta mutu ba.

In aka rasa wannan, jini ba ya haƙura da rashin kalsiyam, sai jiki ya fara kwasowa daga ƙashi. Na taɓa ganin wani ɗan namiji ɗan wata biyar da wannan ciwon ya kama, wallahi har yau hoton bai bar idona ba. Ƙafafunsa na gaba sun lanƙwashe kamar yana da gwiwa biyu a kowace ƙafa, in zai kama reshe sai ya kama ƙafarsa da kansa ya rikito ƙasa, haɓarsa ta yi laushi ba ta rufuwa daidai, ƙashin kansa ya karkace gefe, sannan harshen nan da lafiyayyiya ke harbawa ya kai ninki biyu na tsawon jikinta, shi sai ya fito ɗan kaɗan ya tsaya yana rawa, gyare na gabansa ya kasa kamawa. Likitan dabbobi zai iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa kuma.

Zafin kuma da ma'auni ake yinsa, ba da ƙiyasi ba. Wuri ɗaya a sama inda fitilar ɗumi ke bugawa, ga namijin 'yar Yaman ko na Madagaska wajen digiri 29 zuwa 32, ga mai ƙaho uku ƙasa da haka, sannan sauran kejin ya riƙa yin sanyi har zuwa ƙasa yadda ita da kanta za ta zaɓi inda take so. A bar tazara tsakanin fitila da reshe, don ba ta saurin jin ƙuna, za ta zauna har bayanta ko saman kanta ya ƙone. Da dare a kashe komai, ba jar fitila ba shuɗiya, tana bukatar duhu da saukar zafi, mai ƙaho uku ma tana jin daɗi in dare ya sauka zuwa wajen digiri 15.

Abinci ƙwari ne masu rai, gyare, fara, kyankyason da ake kiwo don wannan, tsutsar siliki, tsutsar baƙin ƙuda. Matsalar gyare shi ne sinadarin fosfaras ya yi masa yawa kalsiyam ya yi kaɗan, don haka sai an barbaɗa masa garin kalsiyam kafin a ba ta, ɗan kaɗan ba wai a mayar da shi fari fat ba, sannan garin bitamin kamar sau biyu a wata. Kuma ƙwaron da bai ci komai ba fanko ne, abin da ke cikinsa shi take ci, don haka kwana ɗaya ko biyu kafin a ba ta sai a ciyar da shi ganye da karas da kabewa. A nan ma akwai wuce gona da iri, yawan bitamin yana kumbura mata wuya da ƙirji, mai ƙaho uku ta fi kowa saurin nuna wannan. Ƙwarin da aka kamo a waje kuma sai an tabbata ba a yi feshin magani a wurin ba.

Ruwa shi ne na biyu wajen kisa. Yawancinsu ba sa gane ruwan da ke zaune a kwano, za ta iya mutuwa da ƙishi kwanon na gabanta, abin da ta sani shi ne raɓa da ɗigon ruwan sama a kan ganye yana ƙyalli yana motsi. Shi ya sa ake feshi da sassafe kafin fitila ta kunnu da kuma yamma, na minti biyu ko fiye don ba ta fara sha nan take, ko a ɗora gora mai ɗiga a sama ruwan na sauka kan ganye. Ga kuma tsaka mai wuya: tana son laima, amma in iska ba ta zagayawa kejin ya zauna jiƙe cikin zafi sai ciwon huhu ya shigo, ka ga tana ɗaga hanci sama, baki buɗe, yawu mai yauƙi. Dalilin kejin raga ke nan maimakon akwatin gilas irin na kifi, babba kuma yana bukatar kamar santimita 60 faɗi 60 zurfi 120 tsayi, cike da shuka mai rai da rassa a kwance masu kauri daban-daban. Hanyar da na fi yarda da ita wajen sanin ko tana samun ruwa ita ce duba kashinta. Akwai wani farin ɓangare da ke fita tare da shi, shi ne fitsarinta, in fari ne ko ɗan ruwan madara toh madalla, in ya koma ruwan lemo gaba ɗaya ƙishi ya fara yi mata illa. Kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta ko kejinta, dabbobi masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa mutum gudawa, ba tare da ta dame su ba.

Abin da ya sa duk waɗannan kurakuran suke da haɗari shi ne ɓoye ciwo da take yi. A daji wadda ta nuna rauni ita ake fara ci, don haka za ta daure ta riƙe reshe kamar ba komai har sai ƙarfi ya ƙare. Lafiyayyar hawainiya ba ta rufe ido da rana, ko na ɗan lokaci. Ranar da ka ga tana lumshe ido da rana, ko idon ya faɗa ciki, ko ta sauko ƙasan keji ta zauna, ciwon ya daɗe yana aiki, ba ranar ya fara ba, kuma ba ranar jira a ga gobe ba ce.

Sai maganar mace, wadda ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ta farko da na fara riƙewa 'yar Yaman ce, kuma wanda ya sayar min ya ce tunda ba namiji ba ruwana da zancen ƙwai. Na yarda. Ina ba ta abinci iya cinta don ina jin daɗin ganin tana harba harshe, fitilar ɗuminta kuma na sa ta da zafi sosai. Tana kusan wata takwas sai ta daina ci, cikinta ya yi ƙulu-ƙulu ta gefen ƙafafun baya, ta riƙa saukowa ƙasa tana zagaye tana tona kusurwar keji da ƙafafun gaba, ƙasan kuma roba ce ba abin da za ta tona. Kwana huɗu tana wannan ina cewa ko saɓa za ta yi. Ranar da na kai ta wurin likita idonta ya riga ya faɗa, da aka ɗauki hoton ciki ƙwai ne jere cike har ƙirji. Ba ta kwana biyu ba ta mutu. Abin da take nema a kusurwar nan bokitin ƙasa ne kawai.

Macen hawainiya mai yin ƙwai tana yinsa ko da namiji ko babu, kamar kaza. Kuma yawan abinci da yawan zafi su ne ke gaya wa jikinta cewa damina ta yi kyau a zuba da yawa, sai ka ga 'yar Yaman ta ɗauki ƙwai 50, 60, wani lokaci har 80, kowane ɗaya da kalsiyam ɗin jikinta ake yi masa ɓawo. Wannan ne babban dalilin da mata ba sa kai maza daɗewa, namijin 'yar Yaman kan yi shekara 6 zuwa 8 in an kula da shi, macen kuma yawanci ƙasa da haka. Masu kiwon da suka san aikin suna rage wa mace zafi zuwa wajen digiri 27, da ta fara girma su rage abinci ya koma 'yan ƙwari kaɗan sau uku a mako, sai yawan ƙwan ya sauka. Sannan tun tana wata biyar ko shida a sa mata mazubi mai zurfin santimita 25 zuwa 30 da yashi haɗe da ƙasa, mai ɗanshin da in ka tona rami da yatsa ba zai rufta ba. In ta fara tono a rufe kejin da ƙyalle a bar ta, don in ta ga ana kallonta sai ta bar ramin, in ta yi ta bari kuma ƙwan ya maƙale. Da kai take shiga, ta juyo, ta zuba, ta binne ta daddale wurin, ta hau reshe duk ƙasa a fuskarta ta rame kamar an matse ta. A lokacin ruwa da kalsiyam take bukata da gaggawa.

Wanda yake son ya hayayyafa su kuma, kada ya haɗa mace kafin ta cika shekara ko da ta nuna tana so, don ƙashinta bai gama ginuwa ba. Gane jinsi a 'yar Yaman da sauƙi, namiji tun ranar ƙyanƙyasa yana da ɗan tsini a dunduniyar ƙafar baya. Macen ake kai wa namiji a tsaya a wurin. Shi zai kunna launi yana kaɗa kai, in ta shirya za ta zauna da launi mai haske ta riƙa tafiya a hankali yana bin ta, in kuwa ta yi baƙi ta buɗe baki tana huci tana jijjiga jiki toh a ɗauke ta nan take. Bayan barbara launinta zai canza ya yi duhu da ɗige-ɗige masu haske, cikin kwana 20 zuwa 30 ta zuba. Kuma tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta, zubi na biyu ma ya zo da 'ya'ya ba tare da an sake haɗa su ba, mutane da yawa wannan yana zuwa musu ba shiri.

Ƙwan ana tono shi a hankali a jera a roba mai murfi a kan bamikulait (wani ma'adini mai kama da tsakuwa marar nauyi da ke riƙe laima) mai ɗanshi, rabi a binne, yadda aka ajiye shi kuma haka zai zauna ba a juya shi kamar na kaza, juyawa na iya kashe ɗan da ke ciki. Daga nan sai haƙuri, na 'yar Yaman wata 6 zuwa 9, na Furcifer pardalis yakan kai haka ko ya wuce don akwai lokacin da ɗan tayin ke tsayawa cak ba ya girma, na Calumma parsonii kuwa yana wuce shekara ɗaya da rabi. Akwai ma wata a kudu maso yammacin Madagaska, Furcifer labordi, da ke yin wata 8 zuwa 9 a cikin ƙwai sannan ta rayu wata 4 zuwa 5 kacal a waje, zamanta a ƙwai ya fi zamanta a duniya tsawo. In ƙyanƙyasa ta zo kusa ƙwan zai yi gumi ya ɗan motse, ɗan ya tsaga ya fito da kai ya kwanta haka kwana ɗaya ko biyu, kada a ja shi. Mai ƙaho uku kuwa ba ta zuba ƙwai, haihuwa take yi bayan ciki na wata biyar zuwa bakwai, tana sauke 'ya'yan ɗaya-ɗaya a kan reshe cikin wata 'yar jaka mai yauƙi su fasa su kama tafiya, uwar ba ta ƙara waiwayarsu.

Toh a nan ne lissafin yake fitowa fili. Ka wayi gari da jarirai 40 ko 50 kowanne bai kai ɗan yatsa ba, kowanne yana cin ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace da jariran gyare fiye da goma a rana, ma'ana ɗaruruwan ƙwari kullum, waɗanda dole ka fara kiwonsu makonni kafin ƙwan ya fashe. Kowane rukuni da fitilar UVB ɗinsa, feshi mai laushi don babban ɗigo na iya shaƙe su, ana raba manya da ƙanana duk mako don masu ƙarfi na danne raunana, zuwa wata uku kuma mazan sun fara hararar juna kowa na neman kejinsa. Sakin su a waje ba mafita ba ce, mai ƙaho uku da aka saki a Hawayi a 1972 ta bazu tana cin ƙwari da dodon koɗin tsibirin da ba a samunsu a ko'ina, 'yar Yaman ma ta kafa zuri'a a dajin Fulorida ta Amurka. Ni dai tun bayan waccan ta farko, in mace ta zuba min ƙwan da ba na namiji ba nakan tono in ƙirga in rubuta adadin, in ya haura 35 na san na yi mata yawan abinci ko zafi sai in rage, kuma ban sake haɗa mace da namiji ba sai da na san mutanen da za su karɓi 'ya'yan, na kuma ga kejinsu da fitilarsu a kunne.